Daga Yekuwa Zuwa Saƙon Murya: Yadda Labari Ya Rasa Mai Shi a Ƙasar Hausa

A ƙasar Hausa ta dā, labari ba ya yawo shi kaɗai, sai da ubangijinsa. Idan fada na da umarni, mai shela zai fito da kuge ko ganga, ya tsaya a bakin kasuwa ko ƙofar gari, kuma kafin ya faɗi komai sai ya fara ambaton wanda ya aiko shi. Saƙon kan sauko daga sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa, kowannensu mutum ne da aka san gidansa da iyayensa. Labarin nesa kuwa fatake ne ke kawo shi. Ayarin da ya tafi Gwanja sayen goro yakan dawo bayan watanni da labarin farashi a Salaga, da na hanyar da 'yan fashi suka tare, da na sarkin da ya rasu, amma mai saurare a zango ya san madugun da ya kawo zancen, ya kuma san ko ya taɓa kama shi da ƙarya. Malamai ma haka suke. Wasiƙa tana zuwa da hatimi, waƙar ajami sau da yawa takan ƙare da sunan mawallafinta da ramzin shekarar da aka yi ta, jajin da Nana Asma'u ta naɗa wa malfa kuwa idan ta isa ƙauye da karatu kowace mace ta san daga inda karatun ya fito. Abin da nake son nunawa a nan shi ne, babban sauyin da kafafen sada zumunta suka kawo mana ya wuce batun sauri ko yawan surutu. Sun raba labari da mai shi, kuma mafi yawan ɓarnar da muke kuka da ita daga wannan rabuwar ta samo tushe.

Kafafen da suka zo bayan mai shela sun faɗaɗa fagen magana ƙwarai, amma ba su tsinke wannan igiyar ba. Da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a watan Janairun 1939, ɗaya daga cikin dalilan kafa ta shi ne kashe jita-jitar da ke yawo cewa Ingila za ta miƙa Najeriya ga Jamus. Jaridar gwamnatin mulkin mallaka ce, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, amma tana da edita, Abubakar Imam, wanda ake iya rubuta wa wasiƙa a ƙalubalance shi, ana kuma yi. Kwafi ɗaya yakan zaga hannuwa da yawa, mai karatun boko ya karanta da ƙarfi, sauran su saurara. Sai rediyo ya zo ya zauna daram, don ya samu al'ummar da dama can kunne ta fi dogara da shi a kan ido. Sashen Hausa na BBC ya fara a watan Maris na 1957 da muryar Aminu Abdullahi Malumfashi, Rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979. A teburin mai shayi, akwatin rediyo yakan rataya a jikin ƙusa kusa da gwangwanayen madara, da an ji taken labarai sai cokula su lafa, kuma bayan an gama, gardamar da za ta ɓarke ba ta rasa madogara: wannan ya ce Landan ce ta faɗa, wancan ya ce bai ji a Kaduna ba tukuna. Ko da shirin Zaɓi Sonka, wanda ya haɗa zumunci tsakanin mutanen da ba su taɓa ganin juna ba daga Kano zuwa Maraɗi zuwa Kumasi, kan sunaye ya ginu. Mai gaisuwa yana rubuta sunansa da laƙabinsa da garinsa a kati, burinsa duka shi ne a ambace shi duniya ta ji.

Kaset ya sassauta riƙon gwamnati a kan magana tun daga shekarun 1970. Tafsirin Sheikh Abubakar Gumi da na Sheikh Ɗahiru Bauchi, da wa'azin Izala bayan kafuwarta a Jos a 1978, da martanin 'yan ɗariƙa, duk sun shiga tasha da shago da cikin gida ta kaset, an kuma yi zafafan muhawarori. Duk da haka mai sayen kaset ya san muryar wane malami ce, ya san masallacinsa. Haka gidajen rediyo masu zaman kansu, irin Freedom da ta buɗe a Kano a ƙarshen 2003, suka ba sojojin baka fili suna caccakar juna, amma gidan yana da lasisi, yana da manaja, wanda aka ɓata wa suna ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Wayar salula ta GSM ta iso a 2001, lokacin da Econet da MTN suka fara aiki a watan Agusta, a ƙasar da duka layukan NITEL ba su kai rabin miliyan ba. Layi ɗaya a farkon nan yakan kai naira 20,000 ko fiye, sai da Glo ta shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa sannan farashi ya karye. Daga nan sababbin sana'o'i suka tsiro: mai laima da kujera da ake biya a yi kira, mai sayar da kati, mai caji da ɗan ƙaramin janareto da allon soket jere, yana manna wa kowace waya lamba yana ba mai ita rabin takardar, da 'yan tura waƙa da fim a memori, waɗanda suka cika kasuwar Farm Centre da titin Beirut a Kano. Alamar farko ta abin da ke tafe ta bayyana a 2007, lokacin da wani bidiyon sirri na wata 'yar fim ya bazu daga waya zuwa waya ta Bluetooth. Ba tasha, ba shago, ba wanda za a ce shi ne ya buga. Hukumar tace finafinai ta Kano, wadda aka kafa a 2001, ta huce a kan waɗanda take iya gani, aka dakatar da ɗaukar fim na watanni, dubban da suka yaɗa bidiyon kuwa hannunta bai kai gare su ba. Bayan haka matasa suka rungumi 2go da Facebook da BlackBerry, amma duk waɗannan suna neman mai iya karatu da rubutu, shi ya sa suka tsaya galibi a hannun 'yan makaranta da ma'aikata. Abin da ya buɗe ƙofar ga kowa shi ne saƙon murya, wanda WhatsApp ya ƙaro a 2013, daidai lokacin da wayoyin shafa masu araha suka fara cika kasuwa. Tsohuwar da ba ta taɓa zama a aji ba, da makiyayi, da ɗan dako, kowa ya iya danna wuri ɗaya ya yi magana, ya danna wani ya tura. Al'ummar kunne ta samu kafar da ta dace da ita, a wannan karon ba edita, ba manaja, ba hatimi.

Ya kamata a tsaya a duba yadda saƙon da aka turo yake aiki a zuciyar mai karɓa, don a nan ne matsalar take. Muryar da ke cikin saƙon ta baƙo ce, ba wanda ya san shi, yakan ce shi likita ne ko jami'in tsaro ko wanda abin ya faru a gabansa, ba ya faɗin suna, ba ya faɗin rana. Amma sunan da ke saman saƙon na gwaggo ne, ko na yaya, ko na abokin sahu a masallaci. Mai karɓa yana auna maganar da mizanin amanar da ke tsakaninsa da wanda ya turo, alhali wanda ya turo bai ga komai ba, shi ma turo masa aka yi, kuma ya tura ne don ƙauna, kada wani nasa ya cutu. Haka baƙon da ba shi da fuska yake aron mutuncin dangi yana shiga da shi ɗaki ɗaki. An ga wannan ƙarara a watan Agustan 2014, makonni kaɗan bayan cutar Ebola ta shigo Legas daga Laberiya. Cikin dare ɗaya saƙo ya game ƙasa cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha kafin gari ya waye. 'Yan'uwa ne suka riƙa tashin 'yan'uwa daga barci da kiran waya. Aƙalla mutum biyu suka mutu, aka kwantar da wasu da dama a asibiti, kuma a cikin miliyoyin da suka tura saƙon da ƙyar a samu wanda ya yi niyyar cutar da kowa. Na Filato a watan Yunin 2018 ya fi muni. Binciken da BBC ta wallafa a ƙarshen shekarar ya nuna cewa cikin hotunan da aka yaɗa a Facebook a matsayin na kashe-kashen yankin Gashish akwai bidiyon da aka ɗauka a Kongo Brazzaville tun 2012, kuma 'yan sandan jihar sun ce irin waɗannan hotuna sun hura wutar ramuwar gayya da aka tare hanya aka kashe matafiya. A shekarar dai, maganar cewa shugaban ƙasa ya mutu an sauya shi da wani Jibrin daga Sudan ta yi ƙarfin da sai da Muhammadu Buhari ya ƙaryata ta da bakinsa a Poland a watan Disamba.

Mai ja da wannan ra'ayi zai ce jita-jita ta girmi waya, kuma yana da hujja mai ƙarfi a hannunsa. A 2003, kafin a ƙirƙiro Facebook ma, an dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin Arewa bisa zargin cewa an gurɓata maganin da abin hana haihuwa, cutar ta sake bazuwa har ta tsallaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Wannan gaskiya ne, kuma ya isa ya hana kowa ɗaukar zamanin dā a matsayin zamanin tantance magana. Amma a duba yadda rikicin ya ƙare. Zargin yana da masu shi: Majalisar Ƙoli ta Shari'a ƙarƙashin Dokta Datti Ahmed, da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau. Yana kuma da dalilin da ake iya nunawa da yatsa, wato gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996. Tun da akwai waɗanda za a zauna da su, an zauna. An kafa kwamitoci, an yi gwaje-gwaje, aka samo magani daga Indonesiya, Kano ta koma rigakafi a watan Yulin 2004, daga baya sarakuna suka shiga aikin gadan-gadan, har aka kai ga shelar kawar da cutar daga Afirka a watan Agustan 2020. An yi asarar lokaci da lafiyar yara, amma an samu wanda ya janye maganarsa a bainar jama'a, mabiyansa kuma suka bi shi. Saƙon muryar da ba shi da mai shi ba shi da wanda zai janye shi. Ko an ƙaryata shi yau, yana nan kwance a cikin wayoyi, bayan shekara biyu wani ya tono shi ya sake turawa kamar jiya abin ya faru.

Ƙorafi na biyu ya fi na farko nauyi, kuma ina ganin rabinsa daidai ne. Za a ce ai wancan ubangijin labarin da ake yabo mai mulki ne. Mai shela na sarki ne, jarida ta Bature ce, rediyo na gwamnati ne, talaka kuwa nasa saurare. 'Yan NEPU da aka riƙa ɗaurewa a shekarun 1950 saboda lacca a bainar jama'a sun san farashin magana da suna. Waya ce ta fara ba mutumin ƙauye damar nuna wa duniya rufin ajin da ya rufta ko gadar da ruwa ya cinye, ita ce take isar da kukan garin da 'yan bindiga suka afka wa tun kafin hukuma ta amsa cewa an kai hari. A watan Janairun 2012, da aka janye tallafin mai lita ta tashi daga naira 65 zuwa kusan 140, da waya matasan Kano suka kira juna zuwa dandalin Silver Jubilee. Da ita aka hana duniya mantawa da 'yan matan Chibok 276 da aka sace a 2014. A cikin gida kuwa sauyin ya fi zurfi. Matar da a dā sai ta ɗora wa 'yarta talla yanzu tana ɗaukar hoton atamfa ko turaren wuta ko dambun nama ta sa a shafinta, a turo kuɗi ta banki, mai babur ya kai kaya. Marubutan littattafan soyayya da kasuwar bugu ta mutu a hannunsu sun koma sakin labari babi babi a zaurukan WhatsApp, masu karatu suna biya. Ana tara kuɗin aikin asibiti cikin kwana biyu, ana sanar da jana'iza cikin minti biyar, ɗan da ke Jidda ko Agadas yana ganin fuskar mahaifiyarsa kowace Juma'a. Duk wanda ya ce a koma zamanin da babu waɗannan bai san abin da talaka ya samu ba.

Sai dai idan aka bi waɗannan alheran ɗaya bayan ɗaya, za a tarar kusan dukansu na masu suna ne. Mai sayar da atamfa da sunanta take ci, ranar da ta aika kayan da ba su kai na hoto ba, zauren matan unguwa zai sani kafin magariba. Marubuciya tana gina sunanta shekara da shekaru. Gidauniyar asibiti ba ta tafiya sai an ga wani sananne ya tsaya mata, kuma da 'yan damfara suka fara amfani da hotunan marasa lafiya, abin da mutane suka koma tambaya shi ne wa ya san mai wannan asusun. Bidiyon gadar da ta karye yana tasiri ne idan an ji sunan garin, an ga fuskar mai magana, ɗan jarida ya iya zuwa ya gani. Wato inda waya ta amfane mu, ta yi hakan ne ta hanyar ƙara yawan masu iya magana da sunansu, inda ta cuce mu kuma ta hanyar barin magana ta yi yawo ba suna. Abubuwa biyu ne mabambanta da suka zo a na'ura ɗaya, kuma kuskure ne a ɗauka dole sai an karɓi na biyun kafin a ci moriyar na farkon. Na yarda akwai wanda ɓoye suna ne kaɗai kariyarsa, kamar ma'aikacin da ya fallasa sata ko mazaunin ƙauyen da 'yan bindiga ke da 'yan leƙen asiri a cikinsa. Amma ko shi, maganarsa takan yi amfani ne idan ta bi ta hannun wani mai suna da ya bincika ya kuma ɗauki nauyinta.

Daga nan wasu kan yi tsalle su ce to hukuma ta sa hannu, a yi doka, a toshe. Tarihin 'yan shekarun nan bai goyi bayansu ba. Gwamnatin tarayya ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, masu wayo suka zagaya ta wata hanya, jita-jita kuwa ta ci gaba da harkarta a WhatsApp inda dama ta fi yawa. A watan Satumban 2021 an katse sabis a Zamfara, daga baya a sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, don a takura 'yan bindiga. Mutane suka riƙa shiga mota zuwa wata jiha don su yi kira ko su karɓi kuɗin da aka turo musu, masu POS suka rufe, labarin hare-hare ya daina fitowa, hare-haren kuwa ba su ƙare ba. A Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa matasa biyu bulala 20 da tara da sharar harabar kotu saboda bidiyon barkwanci a TikTok da ya taɓa gwamna. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 an fi ganin sa a kan 'yan jarida da masu sukar manya. A Nijar ma, dakatar da RFI a 2023 da BBC a ƙarshen 2024 ya rage wa masu saurare tashoshin da ke da adireshi, ya bar su da abin da waya ta kawo. Salon iri ɗaya ne da na 2007: hannun hukuma yana kaiwa ga wanda ya nuna fuskarsa, ba ya kaiwa ga muryar da ba ta da suna. Sakamakon haka shi ne a tsorata masu magana a fili, a ƙara tura mutane ga ɓuya, wato a ƙara ciwon da aka ce ana magani.

Kamfanonin da ke cin ribar wannan zirga-zirga suna da nasu kason, kuma sun daɗe ba su biya shi da Hausa ba. Facebook ya sa Hausa cikin harsunansa a 2016, amma binciken BBC na 2018 ya tarar da mutum huɗu kacal ke aikin tantance labarai na cikakken lokaci a madadinsa a Najeriya, ga masu amfani da shi miliyan 24 a wata. WhatsApp ya fara sa alamar cewa saƙo turo shi aka yi a 2018, ya taƙaita turawa zuwa wurare biyar a lokaci ɗaya a farkon 2019. Matakai ne masu amfani, sai dai alamar rubutu ce, kuma yawancin waɗanda saƙon murya ya shigo da su ba rubutu suke karantawa ba. Masu bin diddigi irin su Dubawa da Africa Check suna ƙoƙari, amma gyaransu yakan fito a rubuce a shafin intanet, ƙaryar kuwa tana tafiya da murya a zauren dangi, ba sa haɗuwa a hanya.

Saboda haka nauyin da ya fi girma ya dawo kan zauren kansa, kuma a nan muna da abin da za mu dogara da shi wanda ba aro ba ne. Duk ɗalibin da ya yi karatun hadisi a zaure ya san ba a karɓar ruwaya sai an san wa ya ji daga wa, kuma ruwayar wanda ba a san shi ba ba ta zama hujja ko da lafazinta ya yi daɗi. Al'ummar da ta riƙe wannan ƙa'ida ɗaruruwan shekaru a kan maganar addini ba ta rasa kayan aikin da za ta auna saƙon da ke cewa a guji wani magani ko a far wa wata ƙabila. Wasu zaurukan tsofaffin ɗalibai da na 'yan kasuwa sun riga sun sa doka cewa duk wanda ya turo labari sai ya faɗi inda ya samo shi, in ya kasa a goge, in ya maimaita a cire shi. Shugaban irin wannan zaure yana yin aikin da mai unguwa ke yi a dā ne, da bambancin cewa jama'arsa ne suka ɗora shi kuma suna iya sauke shi. Wahalar tana zauren dangi, inda mai turo saƙon baba ne ko inna, kuma kunya ba ta barin yaro ya ce wa babba maganarsa ba ta da tushe. A can gyaran sai ya fito daga sa'anninsu, daga limamin da zai ɗauki batun a huɗuba, da malamar Islamiyya, da gidajen rediyon da har yanzu tsofaffi ke yarda da su, waɗanda ya kamata su ware lokaci kullum suna kunna saƙonnin da ke yawo a gari suna faɗin wanda suka bincika da abin da suka tarar, da murya, da Hausa, a sigar da ita ma za a iya turawa.